Fulan uku, gini ɗaya: yadda wani ofishin zanen gini a Kano ya zaɓi manhajar tura wa kwastoma aiki

Ofishin da zan yi magana a kai ƙarami ne, ɗaki biyu ne a saman bene a nan cikin Kano, aikinsu zanen gini. Akwai ogan wajen wanda shi ne akitek ɗin, duk da kowa Injiniya yake ce masa, sai samari biyu masu zane a kwamfuta, sai wata baiwar Allah mai riƙe da rasit da firintin da amsa waya, sai kuma injiniyan rodi da kankare wanda shi ba kullum yake zuwa ba sai in aiki ya taso. Gidaje suka fi zanawa, da shaguna, wani lokaci ajujuwan makaranta. Ni harkar kwamfuta nake taya su, in firinta ta ƙi ko laftof ta fara nauyi ni ake kira, toh ta nan na shiga maganar tun daga farkonta.

Kaman kowa dai, komai nasu a WhatsApp yake. Kwastoma ya zo an yi ciniki, a buɗe masa guruf, a zuba kowa a ciki, zane ya fito a jefa, ya ce a gyara a gyara a sake jefawa. Kuma ni ban ga laifinsu ba wlh, don shi ne abun da kowa ya iya, daga Alhajin Kwari har birkila, ba sai ka koya wa kowa komai ba. Tun 2022 ma WhatsApp ya ɗaga girman fayil ɗin da ake turawa daga MB 100 zuwa GB 2, kaga ko hoton 3D mai nauyi zai wuce ba gardama. Matsalar ba ta turawa bace. Matsalar ita ce bayan an tura, wanne ne na gaskiya.

Ga abun da ya faru. Wani bawan Allah da yake aiki a Ingila ya ba su zanen gidan bene, yayansa ne yake tsaye a kan ginin a nan. A guruf ɗin akwai shi mai gidan, da uwargidansa, da yayan, da oga, da yaron da yake zanen, da shugaban birkiloli. Fulan na farko matattakala a cikin falo take. Hajiya ta turo saƙon murya mai tsawo ta ce ita gaskiya bata son baƙo yana zaune a falo yana ganin duk mai hawa da sauka, a mayar da ita ta koridon kicin, kuma tunda an taɓa wajen a ƙara wa sito faɗi. Aka gyara aka tura, fulan na biyu kenan. Bayan nan mai gidan ya duba ya ga sito ya cinye ɗakin baƙi, sai ya ce matattakala ta zauna a sabon wajenta amma sito a maida shi yadda yake da. Aka sake gyarawa, na uku. Toh duka ukun nan suna ɗaya suke ɗauke da shi, waya ce kawai ta liƙa wa na biyu da na uku 'yar lamba a ƙarshe, kuma tsakaninsu akwai gaisuwar Juma'a da hotunan tifar yashi da rasit ɗin bulo da saƙonnin murya ba adadi. Yaya ya tashi zuwa shagon firintin sai ya ja sama a guruf ya ga fulan mai matattakala a korido, ya ce ai wannan ne sabon, ya tura aka buga masa a babbar takarda ya kai wa birkila. Na biyu ne ya ɗauka.

Shi kuma injiniyan rodi da na uku ya yi lissafinsa. Ba a gane ba sai da bulo ya kai linta, ya zo duba wajen kafin a fara maganar dekin, ya ja tef ya ga bangon sito ya bar inda ya kamata ya hau ya koma gefe, fila na nan bango na can. Dole aka rushe bangon, ga siminti a lokacin buhu ya haura naira 10,000, ga bulo ga kuɗin aiki ga kwanakin da aka ɓata. Sai aka zo kan wa zai biya. Birkila ya ɗauko takardarsa duk ta sha ƙura da shatin siminti ya ce ranka ya daɗe ni abun da aka ba ni shi na gina, ga shi nan ka duba. Yaya ya ce shi a guruf ya ɗauka, kuma ofis ne suka tura. Mai gida ya ce ai ya faɗa da bakinsa a maida sito. Oga ya koma neman saƙon amincewar, ya same shi, murya ce ta daƙiƙa kaɗan, "toh shikenan Injiniya, a yi hakan", babu sunan fulan babu lamba. Abun da ya fi tsaya min a rai a maganar nan shi ne babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa gaskiyarsa ya faɗa, amma dai an yi asara kuma zumunci tsakanin wa da ƙani sai da ya ɗan girgiza. A ƙarshe ofis ya ɗauki wani kaso na kuɗin don a zauna lafiya, oga kuma ya ce ba zai sake aiki a haka ba, a nemo masa manhaja.

Ɗaya daga cikin samarin, wanda ya fi son harkar nan, tuni ya zo da jerin sunaye, Trello, Notion, Basecamp, Slack, har da shawarar su kafa tasu saba, wato kwamfutar ajiyar fayiloli, a ofis. Ni kuma na ce kafin mu buɗe ko ɗaya a zauna a lissafo su waye kwastomomin nan tukun, don ba mu ne za mu yi amfani da abun ba, su ne. Da aka lissafo sai ga su iri uku. Akwai 'yan kasuwa, su ne suka fi yawa kuma su ne suka fi biya a kan lokaci, mutum ne mai shaguna da motoci amma in ka ce ya baka imel ɗinsa sai ya ce bari ya tambayi yaron da ya saita masa waya, kalmar sirri kuwa kar ma ka fara. Akwai na ƙasar waje, su sun saba da komai, matsalarsu ita ce ba su ne a wajen ginin ba, akwai yaya ko kawu ko aboki a tsakani. Sai ma'aikatan ƙungiyoyi da makarantu masu son komai a rubuce ta imel. Bayan su duka kuma akwai mutum na huɗu da ba a sa shi a lissafi amma a hannunsa zanen yake ƙarewa, wato birkila, da wayarsa mai fasasshen gilashi da memori a cike da data ta ɗari biyu. Duk manhajar da wannan mutumin bazai iya buɗewa a tsaye cikin rana ba, to bata warware abun da ya rushe bangon can ba.

Duk da haka an gwada, don kar a ce an yanke hukunci ba a gani ba. Trello abu ne mai kyau wajen tsara aiki, katuna ne kana jan su daga "ana yi" zuwa "an gama", kamfanin Atlassian ya saye shi a 2017 kan dala miliyan 425, ba ƙaramin abu bane. Amma a tsarin kyauta fayil ɗaya baya wuce MB 10, kuma daga 2024 sun taƙaita yawan mutane a wajen aiki ɗaya zuwa 10. Notion nasa ma ya fi matsewa, MB 5 ne a kyauta. Fulan na PDF zalla zai iya shiga, amma da an haɗa da hotunan 3D an wuce nan. Slack kuwa a kyauta saƙon da ya wuce kwana 90 baka ganinsa, gini kuma a ƙasar nan yana iya shekara biyu yana jiran kuɗi, mai shi ya tsaya a linta ya tafi sai bayan sallah biyu ya dawo, lokacin ne kuma kake buƙatar tsohuwar magana. Amma ba a nan gizo yake saƙa ba. An tura wa wani Alhaji gayyata don gwaji, mutum mai kirki da ya yarda a gwada da shi, gayyatar ta tafi imel ɗin da bai taɓa buɗewa ba, aka je shago aka buɗe masa, aka ce ya yi rajista, ya ƙirƙiri kalmar sirri, ya sauke manhaja. Ya yi haƙuri aka gama duka. Da yamma sai ga saƙon murya a WhatsApp, "Injiniya na ga abun, amma dan Allah turo min ta nan."

Basecamp kam zan faɗi gaskiya, a cikin duk waɗanda muka duba shi ne wanda aka gina da kwastoma a rai. Tun 2004 yake, kuma masu shi da ma kamfanin zanen shafukan intanet ne da suka yi shi don nasu kwastomomin, shi yasa ya san ciwon. Kana iya ware abun da kwastoma zai gani da wanda ba zai gani ba a cikin aiki ɗaya, yana iya amsawa ta imel, kuma a lokacin ba a cajin kuɗi a kansa, ma'aikatanka kawai ake caja. Da kwastomomin ofishin nan duk irin na Ingila ne da na ƙungiyoyi da ni da kaina zan ce a biya. Sai dai a lokacin dala 15 ne kan kowane ma'aikaci a wata, mutum biyar dala 75 kenan, a canjin wajen naira 1,500 ka haura dubu 110 duk wata, ko an samu aiki ko ba a samu ba. Kuma duk wanda ya ga yadda naira ta yi daga wajen 460 kafin Yunin 2023 zuwa 1,500 a farkon 2024 ya san cewa ɗaura wa kanka biyan wata-wata da dala alhali da naira ake biyanka ba ƙaramin ganganci bane. Ga kuma wahalar biyan kanta, tun 2022 bankuna da yawa suka rufe biyan ƙasar waje da katin naira, sai a tsakiyar 2025 wasu suka fara buɗewa, a tsakanin nan sai dai katin dala na intanet ko ka roƙi wani ya biya maka. Ka ɗauka ranar da katin ya ƙi wucewa ita ce ranar da kwastoma yake son ganin zanensa.

Sauran ba su ɗau lokaci ba. WeTransfer na tura kaya ne sau ɗaya, linkin na kyauta kwanaki kaɗan yake yi ya mutu, ba wajen ajiya bane. Telegram yana ɗaukar GB 2 kuma yana ajiye fayil da kyau, amma matsala ɗaya ce da ta WhatsApp, sabo yana binne tsoho, ga shi ba kowa ke da shi ba. Dropbox GB 2 yake bayarwa kyauta, OneDrive GB 5. Maganar saba a ofis kuwa ita wutar lantarki ce ta kashe ta, duk wanda yake Arewa a watan Oktoban 2024 bai manta duhun da aka kwashe sama da mako ana ciki ba, na'urar da dole ta kwana a kunne don kwastoma a Ingila ya buɗe fulan da tsakar dare ba ta ofis mai ɗaki biyu bace.

Abun da aka tsaya a kai bazai burge kowa ba, Google Drive ne, tare da WhatsApp ɗin nan dai da ake gudu. Dalili na farko ba GB 15 na kyauta bane, duk da ya fi na sauran. Dalilin shi ne kusan duk wayar Android da take hannun mutanen nan da ma akwai asusun Google a cikinta, wanda yaron shagon waya ya buɗe, kuma Drive ɗin yawanci a ciki yake zuwa. Wato Alhaji bai san kalmar sirrinsa ba amma a shige yake. Ka tura masa linki ya danna ya buɗe, ba rajista ba sauke komai, in ma ka saita linkin kan duk mai shi zai iya gani to ko asusun ba a buƙata. Dalili na biyu shi ne daga kwamfuta kana iya ɗora sabon PDF a kan tsoho a matsayin sabon zubi, linkin baya canzawa, duk wanda ya danna yau na yau zai gani ko da linkin na wata shida ne. Wannan kaɗai da akwai shi da yaya bai buga fulan na biyu ba.

Sai dai manhajar ita kaɗai ba abun da zata yi, dokokin da aka ɗora a kanta su ne aikin, kuma a nan aka fi shan gumi. Aka ce WhatsApp zaure ne, a nan ake gaisawa a yi shawara a yi musu, amma ba a ajiye kaya a zaure, sito ake kaiwa. Daga ranar an daina jefa fulan a guruf kwata-kwata, linki kawai. Kowane aiki folda biyu gare shi, ɗaya ta cikin gida inda fayil ɗin AutoCAD, manhajar da suke zanen da ita, da gwaje-gwaje da lissafin kuɗi suke, kwastoma baya ganinta ko da wasa, ɗaya kuma tasa. A cikin tasa akwai wadda aka rubuta wa NA YANZU da manyan baƙaƙe, fulan ɗaya tak ne a ciki na kowane fanni, na gini, na rodi, na wuta, na famfo, sai wata kuma TSOFFI. Ita TSOFFI ɗin da dalilinta, shi Drive tsohon zubi na PDF kwana 30 yake riƙewa sai in ka ce masa ya ajiye har abada, toh maimakon a dogara da wani ya tuna ya danna, kafin a ɗora sabo sai a kwafi tsohon a jefa can da lambarsa. Linkin NA YANZU kuma a bayanin guruf ake sa shi, can saman inda baya gangarawa, ba a dogara da maƙala saƙo ba tunda shi kwana 30 ne iyakarsa. A jikin zanen kansa, a kusurwar da ake sa sunan ofis, aka ƙara girman lambar gyara da kwanan wata yadda ko daga nesa zaka hango Gyara 3, da layi ɗaya na Hausa da yake faɗin abun da ya canza, misali an maida sito yadda yake a farko. Wancan yaron mai son manhajoji shi ya kawo shawarar da na fi so a cikin duka, a buga lambar QR a kan kowace takarda, birkila ya haska da waya ta kai shi NA YANZU, in lambar gyaran da ya gani a waya ba ita ce a takardar hannunsa ba to ya ajiye cokali ya kira ofis.

Maganar amincewa ita ta fi wuya, don ta taɓa yadda muke mu'amala. Mutanenmu da baki suke magana, kuma ka ce wa babban mutum rubuto min kamar kana cewa baka yarda da shi bane. Don haka ba a hana kowa saƙon murya ba, Hajiya ta yi na minti goma in tana so. Amma ofis ne zai saurara ya rubuta a taƙaice ya mayar, ranka ya daɗe abun da muka fahimta shi ne kaza da kaza, zai ƙara kuɗi kaza ko bazai ƙara ba, zai zama Gyara 4, in haka ne a amsa da na amince. In ya rubuta shikenan, in ma da murya ya amsa to a kan wannan saƙon zai ɗora amsar, a ɗauki hoton allon a kai folda. Ana yin haka ne saboda saƙo a WhatsApp ana iya gyara shi cikin minti 15 ana iya goge shi, waya tana faɗuwa ana sace ta. Sannan tun ranar ciniki ake tambaya a fili, wa ke da maganar ƙarshe a ginin nan? Mutum ɗaya. Kowa ya kawo shawara amma amincewar mutum ɗaya ce take motsa biro. Oga ya yi ta jin nauyin wannan tambayar da farko, musamman in ga miji ga mata ga babban wa, sai ga shi su kansu kwastomomin sun fi kowa jin daɗinta, wani ma cewa ya yi an cire shi daga rigimar gida.

Akwai wasu abubuwa da sai da aka fara suka fito. Asusun da aka fara zuba fayilolin na ɗaya daga cikin samarin ne, nasa na kansa, kuma a Drive wanda ya ɗora fayil shi ne mai shi, ranar da ya samu wani aiki ya tafi to da zanen mutane ya tafi ko da zuciyarsa fara ce tas. Aka buɗe asusu da sunan ofis, lambar wayar oga ce a kai, aka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Sannan GB 15 ɗin nan ba ta Drive kaɗai bace, da Gmail da Google Photos ake rabawa, kuma tun farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma a ciki take ci, don haka aka hana haɗa asusun ofis da WhatsApp ɗin kowa. Da hotunan 3D suka fara cika wajen aka sayi ƙarin GB 100, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar waccan dubu 110 ba.

Sai batun sirri, wanda ni a ganina an fi raina shi alhali ya fi komai nauyi. Fulan ɗin gida ba takarda bace kawai, yana nuna ina ɗakin mai gida yake, ina ƙofar baya take, ta ina ake hawa sama, a wannan zamanin da muke ciki na rashin tsaro. Linkin da duk mai shi zai iya buɗewa yana da daɗi amma in ya fita ya fita, yaya ya tura wa mai tayil, mai tayil ya tura wa wani yana cewa kalli irin gidan da nake aiki. Ga dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, amma ko babu doka amana ce. Abun da aka yi shi ne a raba, na birkila zane ne zalla da lambar aiki, ba sunan mai gida ba adireshi, shi ne mai buɗaɗɗen linki, kuma ana rufe shi da an gama gini. Takardun fili da yarjejeniya da rasit kuwa sai imel ɗin mai gida kaɗai aka ba izini. Kowa mai kallo ne, ba a ba kowa damar gyara, wanda ya iya a bashi damar sharhi ya zana a daidai wajen ya rubuta abun da yake so. Drive yana bari ka hana saukewa da bugawa, ana amfani da shi kafin a gama biya, tare da tambarin ofis a kwance a tsakiyar zanen, amma an gaya wa oga ƙarara cewa wannan baya hana mutum ɗaukar hoton allo, kuma ba manhajar da zata hana. Abun da yake kare haƙƙinsu na gaske shi ne fayil ɗin AutoCAD baya fita sai kuɗi ya cika.

Ba komai ne ya gyaru ba. Birkila har gobe takarda yake so kuma yana da gaskiya, ba a riƙe waya da hannu mai siminti, don haka duk gyaran da ya taɓa bango ko fila ofis ne yake bugawa ya aika da mai babur, a karɓo tsohuwar takardar a ja mata jan layi, ba a barinta a wajen aiki. QR ɗin wasu suna haskawa wasu basa yi, musamman tunda kuɗin data ya tashi bayan ƙarin kashi 50 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a Janairun 2025, shi yasa ake matse PDF ɗin birkila ya zama mara nauyi sosai, a cire duk wani hoto. In an ɗauki hoton zane kuma, a tura shi a matsayin fayil ba hoto ba, don in ya matse milimita 3600 da 3000 kusan abu ɗaya suke zama a ido, kuma rabin mita da ɗoriya ne tsakaninsu. Wani Alhajin kuwa duk linkin duniya sai ya zo ofis da kansa an shimfiɗa masa takarda a tebur ya sa yatsa, hakan ma ba laifi, in ya gama ya sa hannu a jikin takardar a ɗauki hoto a kai folda. Kuma saboda abun da aka gani a 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke aka wuni ana fama, duk ƙarshen mako ana kwafe komai a had dis, ɗaya a ofis ɗaya a gidan oga.

Shi wancan yaron bai haƙura da Trello ba, kuma an bar masa, amma na cikin gida kawai, wa yake zana me, wanne ke jiran injiniyan rodi, wanne aka kai neman izinin gini a KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano. A can yana aiki sosai tunda su biyar ne kuma duk sun iya. Kwastoma baya ganinsa. Kwanan nan kuma wata ƙungiya ta basu aikin ajujuwa ta ce su a tsarin Microsoft suke, dole a can za a riƙa ɗora musu komai, ba a yi musu ba, mai biya shi ke zaɓar inda zai karɓi kayansa. Sai dai an kafa sharaɗi a cikin gida cewa ainihin fayil yana foldar ofis, abun da ke can kwafi ne, kuma mutum ɗaya ne yake ɗorawa, wannan baiwar Allah mai rasit, a rana ɗaya da lambar gyara ɗaya. Oga ya ce in ayyukan ƙungiyoyi suka rinjayi na 'yan kasuwa, ko ma'aikata suka ƙaru har folda ta fara fin ƙarfin mutum ɗaya, za a sake buɗe maganar Basecamp, a lokacin kuma za a sa kuɗinsa a cikin farashin zane tun daga ciniki.